Sadakar Gini da Hakkin Mai Zane: Tambayoyi da Amsoshi ga Hausawan Sudan

Daga Mai Wurno zuwa Gadarif, daga Kassala zuwa unguwannin Omdurman, da wuya a sami mazaunin Hausawa da babu wani gini da aka tayar da kuɗin karo-karo, ko masallaci, ko khalwa (makarantar allo), ko ajin makaranta, ko ɗakin shan magani. Wani kaso na kuɗin daga aljihun mazauna yake fitowa, wani kuma daga 'yan'uwan da ke Makka da Jidda da Madina. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda 'yan kwamitin unguwa da masu aiko da taimako suka fi yi idan aka ce musu su ware wani abu domin mai zanen gini tun kafin a sayi bulo.

Wane ne mai zanen gini, kuma me ya raba shi da magini?

A Sudan duk wanda ya zo wurin aiki da takarda a hannu muhandis ake ce masa, amma aikin kashi uku ne. Mai zanen gini shi ne yake tsara inda kowane ɗaki zai zauna, da inda ƙofa za ta kalla, da hanyar da iska da haske za su bi, da yadda jama'a za su yi shige da fice ba tare da sun takura wa juna ba. Injiniyan gini shi ne mai lissafin nauyi, wanda zai faɗi zurfin harsashi da kaurin rodi. Magini kuwa shi ne mai ɗora bulo bisa bulo, kuma in babu hannunsa zane ba ya barin takarda. A ƙaramin aiki mutum ɗaya yakan ɗauki biyun farko, matuƙar ya karanci abin kuma yana da rajista a Majalisar Injiniyoyi ta Sudan. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar, domin tun 1957 Jami'ar Khartoum take koyar da ita, kuma Masallacin Nilain na Omdurman, wanda aka buɗe a 1984, asalinsa zanen kammala karatu ne na wani ɗalibin jami'ar.

Me ya sa za a kashe kuɗin sadaka a kan zane, alhali bulo da siminti ake nema?

Saboda kuskuren da aka yi a takarda da gogewa ake gyara shi, wanda aka yi a ƙasa kuwa sai da rushewa, kuma kuɗin rushewar daga aljihun waɗanda suka riga suka ba da sadaka zai sake fitowa. Abu na farko da ke cinye gine-ginen al'umma a yankunan da Hausawa suka fi yawa shi ne ƙasar wurin kanta. Jazira da Sennar da Gadarif baƙar laka ce, wadda take kumbura idan ta sha ruwan damina, ta kuma tsuke ta dare idan rani ya yi. Ginin da aka ɗora a kanta da harsashi marar zurfi yana hawa yana sauka tare da ita shekara bayan shekara. Alamar ba ta ɓuya: tsaga ce da take tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace, ƙofar ƙarfe ta daina rufuwa da damina, daɓe ya tashi a tsakiyar ɗaki ya fashe. Kwamiti ya kira magini ya cike tsagar da siminti, baɗi ta sake buɗewa a wurin da take, domin ciwon yana ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya san aikin tun farko zai sa a haƙa rami a duba, ya ce a zurfafa ginshiƙai har su wuce lakar da ke motsi, ko a kwashe ta a zuba tsakuwa da yashi, sannan a yi wa ginin daɓe a kewaye domin ruwan indararo ya yi nisa da gindin bango.

Na biyu shi ne ruwa. Ambaliyar watan Agusta na 1988 ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da muhallinsu a Khartoum da kewaye. Kogin Gash ya shiga Kassala a 2003 ya yi mummunar ɓarna. A 2020 Nilu ya haura matakin da ya kai a 1946 da 1988, gidaje sama da 100,000 suka rushe ko suka lalace, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. A duk waɗannan shekarun, ginin da aka ɗaga dandamalinsa kuma aka kauce wa hanyar ruwa ya fi samun tsira, kuma sanin inda ruwa yake bi ba ya cin buhun siminti ko ɗaya.

Na uku shi ne zafi. Ajin da aka rufa da kwano tsirara, tagoginsa suna kallon gabas da yamma, da hantsin watan Afrilu ba ya zaunuwa, sai malam ya kwashe yara zuwa gindin bishiya. Da an juya ginin dogayen bangayensa sun kalli arewa da kudu, inda iska take zuwa a tsakiyar Sudan, an kuma bar tazara tsakanin kwano da silin domin zafi ya fice, da kuɗin ɗaya ne amma ajin ya yi amfani.

Me ake nufi da cewa a yi zane tare da al'umma?

Ana nufin waɗanda za su zauna a ginin su sa baki tun kafin a ja layin farko, ba a kira su ranar yanka rago kawai ba. Tarihin kwarin Nilu yana da darasi biyu a kan wannan. Hassan Fathy na Masar gwani ne da duniya ta sallama masa a ginin ƙasa, amma sabon ƙauyen Gurna da ya fara a kusa da Luksor a tsakiyar shekarun 1940 bai kammalu ba, domin hukuma ce ta so a tashi mutanen daga tsohon mazauninsu, su kuwa ba su so ba. Kyan zane bai maye gurbin yardarsu ba. Na biyu a Sudan ya faru: a 1964, lokacin da ruwan madatsar Aswan zai cinye Wadi Halfa, an kwashi Nubawa kusan 50,000 zuwa Khashm al-Girba, aka ba su ƙauyuka masu lamba da gidaje iri ɗaya masu rufin asbestos, mutanen da suka saba da manyan tsakar gida da ƙofofi masu ado suna kallon kogi.

A ƙaramin aiki irin namu abin ba shi da wahala. Mai zane ya zo a zauna da shi a rakuba bayan la'asar, ya saurara fiye da yadda zai yi magana. Daga nan a tafi filin, a zuba toka ko farar ƙasa a fitar da ɗakunan da girmansu na gaskiya, a sa mutane su shiga su tsaya a ciki, domin dattijon da bai iya karanta zane ba yana iya cewa wannan ɗakin ba zai ɗauki sahu huɗu ba, kuma ya yi gaskiya. Mata a yi musu zamansu daban, da mace mai rubuta abin da suka faɗa, domin a gaban maza ba za su ce ƙofar ɗakin awon ciki tana kallon majalisar masu shayi ba, alhali wannan kaɗai ya isa ya hana su zuwa. A tambayi almajiran khalwa inda suke kunna wutar karatu da inda suke shanya allunansu. Wurin da za a sa bayi, wanda kwamitoci suke barinsa sai ƙarshe, ya kamata ya kasance cikin abubuwan farko da za a yanke.

Shin wannan hanyar ta taɓa yin nasara a wuri mai ƙaramin ƙarfi?

Ta yi. Francis Kéré ɗan ƙauyen Gando ne a Burkina Faso, yana ɗalibi a Balin ta Jamus ya kafa ƙungiya a 1998 ya tara kuɗi wurin abokansa domin gina wa ƙauyensu firamare. An gama ta a 2001 da bulon ƙasa da aka gauraya da ɗan siminti, da rufin kwano da aka ɗage sama da silin domin iska ta ratsa, mutanen ƙauyen suka ɗebo ruwa da duwatsu, samarinsu suka koyi sana'a a kan aikin. Makarantar ta ci Kyautar Aga Khan ta zanen gini a 2004, shi kuma ya karɓi Kyautar Pritzker, babbar kyautar masu wannan sana'a, a 2022, wanda ya sa ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu. Abin lura ga mai aiko da kuɗi daga Saudiyya shi ne, Kéré ma daga waje ya aiko, sai dai ya haɗa kuɗin da ilimi.

A cikin Sudan fa, akwai ginin agaji da ya dace a koya daga gare shi?

Wanda ya fi shahara shi ne Cibiyar Salam ta tiyatar zuciya da ke Soba, kudu da Khartoum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana yi wa marasa lafiya aiki kyauta. Masu zane na TAMassociati ne suka tsara ta, kuma ta ci Kyautar Aga Khan a 2013. An yi mata bangaye masu kauri ƙwarai domin tare zafi, an bi da iskar da ke shiga ta hanyoyi a ƙarƙashin ginin domin ƙurar habub ta zube kafin ta isa ɗakunan jinya, kwantenonin da suka kawo kayan aiki kuma aka mayar da su gidajen ma'aikata maimakon a bar su suna tsatsa. Gaskiya ne cewa wannan aiki ne na kuɗi masu yawa da kwamitin unguwa ba zai kama ƙafarsa ba. Abin ɗauka a ciki shi ne ra'ayin da aka gina shi a kai, wato kasancewar mutum ba zai biya ba, ba hujja ba ce ta ba shi gini na ƙasƙanci.

Wannan ba al'adar Turawa ba ce ake son ɗora mana?

A'a. Hausawa sun daɗe da sanin darajar gwanin gini, har sarauta suka yi masa, ta Sarkin Magina. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, har yau masana suna zuwa kallon bakunansa. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a a 1962 da ƙasa da itace, kowane gida yana kawo abin da ya iya, wani tubali, wani ruwa, wani hatsi, aka yi ta ƙara masa bakuna da hasumiyoyi har 1982, kuma a 1986 ya ci Kyautar Aga Khan. A Dandaji, a Nijar ɗin dai, lokacin da mutanen gari suka so sabon masallaci, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun tsara musu shi da bulon ƙasa, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu maimakon a rushe shi, aka gama a 2018. Kakannin da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, daga ƙasar da ta haifi irin waɗannan magina suka fito. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki: wanda ya gaji sanin azara da tubali bai gaji lissafin rodi da kankare ba, shi ya sa yau ake buƙatar mutum biyu a inda da ɗaya ya isa.

Idan mai zane ya ce a yi da ƙasa, ba rowa ya yi wa masu sadaka ba?

Wannan ita ce gardamar da ta fi tsawo a kowane kwamiti, domin wanda ya aiko da kuɗi yana son ya ga siminti a hoto. Jalus, wato ginin ƙasa, yana da laifinsa na gaskiya: ba ya jure ruwan da ya kwanta a gindinsa, kuma yana son yaɓe kafin kowace damina. Amma ɗakin jalus ya fi na bulon siminti sanyi da rana, kuma laifin nasa yana da magani, wato a ɗora shi a kan harsashin dutse ko jan bulo da ya tashi sama da ƙasa, a kuma ba shi rufi mai faɗin baki da zai kare bangon. Akwai kuma bulon ƙasa na matsi, wanda ake zuba wa siminti kaɗan, yawanci kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a matse shi da injin hannu, a rufe shi ana yayyafa masa ruwa har ya yi ƙarfi ba tare da an gasa shi ba. Hukumar UN-Habitat ta koyar da shi a Darfur saboda gasa jan bulo yana cinye itatuwan yankin. A Yammacin Afirka kuma wata ƙungiya da aka kafa a 2000, wadda ta fara aiki a Burkina Faso, tana koyar da rufin baka irin na Nubawa, wanda ba ya son katako ko kwano, duk da cewa faɗin ɗakinsa bai cika wuce mita uku da ɗan kai ba.

Wannan ba ya nufin ƙasa ta dace da ko'ina. A wurin da ruwa yake kwanciya kwana da kwanaki, ko inda lakar take da yawan kumburi, jan bulo ko kankare ne daidai, kuma mai zanen kirki zai faɗi haka ko da shi mai son ginin ƙasa ne. Wanda ya zo da amsarsa a aljihu tun bai ga filin ba, ko ta ƙasa ce ko ta siminti, a nemi wani.

Ana iya biyan wannan aiki da zakka?

Wuraren da zakka take zuwa guda takwas ne da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, ba su ga a gina masallaci ko makaranta da ita ba. Abin da ya halatta shi ne a damƙa wa matalauci hakkinsa a hannu, in ya so ya gyara ɗakinsa da ruwa ya kayar. Ga wanda dukiyarsa take cikin Sudan akwai kuma batun Diwanin Zakka, wanda doka ta ɗora wa karɓa da rabawa. Ginin al'umma da ladan mai zane sun fi dacewa da sadakar ganin dama da wakafi, kuma kafin a taɓa kuɗin zakka a je wa malamin da ya san halin wurin.

Ta yaya wakafi zai shigo ciki?

Asalinsa a sunna shi ne filin da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar, wanda Annabi (SAW) ya ba shi shawarar ya riƙe asalin ya sadaukar da amfanin. Mutanenmu sun saba wakafin ginin kansa, amma ba su cika yin wakafin abin da zai riƙe ginin ba. Shago biyu a jikin katangar masallaci, ko gona da aka ware amfaninta, sun isa su biya yaɓe da gyaran rufi da kwashe masai kowace shekara. Wakafi yana iya tsayawa kan mutane ma. Khartoum ta san wakafin Baghdadi, attajirin da ya bar gidaje da shaguna domin ɗaliban makarantar likitanci, kuma likitoci da yawa sun yi karatu da shi. Babu abin da ya hana attajiran Hausawa su yi irinsa ga 'ya'yansu masu karatun zanen gini da injiniyanci, karatun da yake cin kuɗin kwamfuta da kayan zane fiye da yawancin fannoni.

Su masu sana'ar kansu suna buƙatar taimako ne? Ai muhandis mai hali ne.

Haka ake ɗauka, amma sana'ar gini ita ce ta farko da take tsayawa idan ƙasa ta rikice. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ofisoshin zane na Khartoum sun rufe, ɗalibai sun watse karatu bai ƙare ba, injiniyoyi da yawa sun koma Port Sudan ko Masar ko ƙasashen Larabawa suna aikin da ba nasu ba. Wanda ya yi shekara biyar yana karatu ya koma tuƙin raksha, asarar ba tasa ba ce shi kaɗai, domin shi ne za a nema ranar sake gini. A Ingila masu wannan sana'a sun kafa asusun taimakon junansu tun 1850, mai suna Architects Benevolent Society, wanda yake tallafa wa wanda ciwo ko rashin aiki ya kayar da iyalinsa. Taimakon da ya fi dacewa da mutuncin irin waɗannan mutane shi ne a ba su aiki a biya su, ko a saya wa ɗalibi kwamfutar da zai kammala da ita, ko a haɗa sabon mai digiri da tsohon magini su yi gini ɗaya tare, kowa ya ɗauki abin da ba shi da shi.

To ba sai ya yi mana kyauta ba, tunda aikin Allah ne?

Idan ya ga dama ya yafe, ladansa yana wurin Allah, amma kada kwamiti ya gina lissafinsa a kan haka. Mai sayar da siminti ba ya yafewa, mai lori ba ya yafewa, kuma ba a ce musu ba su da tsoron Allah. Aikin kyauta yana da wata illa da ba a cika faɗa ba: wanda ba a biya ba, ba a iya tsare shi. Zai kawo zane, amma ranar zuba kankare yana wurin da ake biyansa, kuma babu mai bakin yi masa magana. Ko manyan ƙungiyoyi sun gamu da wannan. Architecture for Humanity, wadda aka kafa a Amurka a 1999 ta yi ayyuka a ƙasashe da dama da taimakon masu sa kai, ta rufe a farkon 2015 saboda kuɗin gudanarwa ya gagara, domin masu bayarwa sun fi son a ce kuɗinsu ya tafi kan gini. Mafita ita ce a rubuta yarjejeniya ko da ladan kaɗan ne, a ambaci zane, da lissafin kaya, da zuwa duba aiki a matakai sanannu, a kuma ɗauki nauyin motarsa.

Ina nafir ya dace, ina kuma bai dace ba?

Nafir, wato gayyar da muka sani, ya dace da haƙa, da ɗebo yashi da ruwa, da buga bulo, da yaɓe, da shuka itatuwa a harabar gini, kuma ginin da mutane suka zuba guminsu a ciki ba su barinsa ya lalace. Bai dace da ɗaurin rodi, da awon kankare, da jan wayar lantarki ba. A ranar zubi ma, inda ake son hannu da yawa, dole a sami mutum ɗaya da zai tsaya kan awo, domin samari suna ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi saurin zuba, wannan kuwa yana rage masa ƙarfi. Bayan zubi a ware waɗanda za su riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai.

Filin da mai unguwa ya ba mu ya isa, ko sai da takarda?

Sai da takarda. Tun dokar filaye ta 1970 ƙasar da ba a yi wa rajista ba ana lissafa ta ta gwamnati ce, kuma unguwanni da yawa na Hausawa a gefen birane a kan hiyaza suke zaune, wato riƙon fili ba tare da rajista ba, ba su da shahadar bahas, takardar shaidar mallaka. Kafin a haƙa harsashi a je ofishin filaye da na tsara gari a tabbatar wurin bai faɗa kan titi ko magudanar da aka tsara ba, a kuma rubuta filin da sunan wakafi ko na al'umma, ba da sunan shugaban kwamiti ba, saboda ranar rabon gado.

Ina Saudiyya, ta yaya zan san kuɗina ya shiga inda na nufa?

Kada a aika kuɗin duka a lokaci ɗaya. A raba shi bisa matakan aikin, harsashi, da bango, da rufi, da gamawa, kuma kada a saki na gaba sai mai zane ya sa hannu cewa na baya ya yi daidai. Mai zane da ɗan kwangila kada su zama mutum ɗaya, domin ba a sa mutum ya duba kansa. Kuɗin ya bi ta asusu, ta manhajar banki ta Bankak ko makamanciyarta, yadda kowace shiga da fita za ta bar shaida, kuma mutum biyu su riƙa amincewa da kowace fitarwa. A nemi hoton rodi a cikin ramin kafin a rufe shi da kankare, da ma'auni a jikinsa, domin hoton bango mai fenti ba ya nuna komai. Tunda farashi yana tashi tsakanin wata da wata, ya fi kyau a sayi kayan kowane mataki da zarar kuɗinsa ya iso, sai dai siminti, wanda ba ya son dogon ajiya.

Laifi ne a rubuta sunan mai bayarwa a jikin gini?

Wannan tsakaninsa da niyyarsa ne. Abin da ya fi amfani a rubuta shi ne shekarar gini da sunan magini da na mai zane, a kuma ajiye kwafin zanen wurin liman ko shugaban makaranta, domin wanda zai zo ƙara ɗaki bayan shekara ashirin ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Mutane suna komawa gidajen da yaƙi ya taɓa. Wane taimako ne ya fi gaggawa?

Dubawa kafin gyara. Da farko, duk gidan da aka yi faɗa a kusa da shi yana iya ɓoye harsashin bindiga ko bam da bai tashi ba, kuma wannan aikin masu kwance nakiya ne, ba na magini ko yara masu share gida ba. Bayan haka sai injiniya ya zaga ya raba gidajen kashi uku: wanda za a shiga yanzu, da wanda sai an tokare shi an gyara, da wanda ba ya gyaruwa. Ido yana ruɗi a nan. Bangon da harsasai suka huda yana da muni amma sau da yawa lafiyarsa ƙalau, rufin kankaren da wuta ta ci kuwa yana iya zama kamar babu abin da ya same shi alhali rodin ciki ya yi rauni. Kuɗin da zai gina gida ɗaya sabo yana iya ɗaukar nauyin injiniya ya duba layi guda na unguwa, ya rubuta wa kowane mai gida abin da zai fara da shi da abin da zai iya jira. Kwamitocin unguwa da suka riƙe takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, suna ciyar da jama'a a tsawon yaƙin sun riga sun san gidajen marayu da na tsofaffi, don haka jerin waɗanda za a fara dubawa daga wurinsu ya kamata ya fito.

Bayan an buɗe gini, wa ke da alhakinsa?

A yanke wannan tun kafin a fara, a rubuta shi cikin yarjejeniyar farko. Ɗakin shan magani yana son ma'aikaci da magani, saboda haka a sami amincewar hukumar lafiya ta yankin a rubuce cewa za ta turo mutum, haka ma aji da hukumar ilimi. A naɗa mutum biyu ko uku da sunansu waɗanda za su hau rufi a watan Mayu su share indararo, su duba tsaga, su sa a yi yaɓe kafin ruwan farko. A riƙe wani ɗan kaso na kuɗin ɗan kwangila har ginin ya ga damina ɗaya, sannan mai zane ya dawo a watan Nuwamba ya zaga tare da kwamiti, ya rubuta abin da ya motsa da abin da ya yoyo, a gyara da kuɗin da aka riƙe kafin a sallami kowa.